Kiyashin da Ke Hannun Inna

Hannun Inna ya yi suna a benen nan tun kafin a sa wa matakalarsa ƙarfen dafawa. Maɗinkiya ce. Idan aka miƙo mata yadi ba ta kallonsa, sai ta murza shi tsakanin babban yatsa da manuni ta ce, "Wannan daga an wanke zai koɗe," kuma haka za a yi. Daga yadi abin ya koma kan mutane. Yaro ya yi zazzaɓi, a kawo shi ta taɓa goshinsa. Mai ciki ta ji shiru, ta hawo bene tana haki, Inna ta goge tafinta a zani, ta ɗora, ta lumshe ido, can sai ta ce, "Ga shi nan, barci yake. Malalaci kamar ubansa." A yi dariya a sauka.

Mijinta gyaran tabarau yake yi a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar, don haka kowa Mai Tabarau yake ce masa, ita kuma ta ce Malam. Yana da wani gwangwanin madara cike da gilasan da suka rabu da 'yan'uwansu. In babu ciniki sai ya haɗa biyu ko uku ya leƙa duk abin da ya faɗo hannunsa. Shi ya gano wa kansa cewa gishiri 'yan ɗakuna ne masu kusurwa, kuma ƙafar ƙuda gashi gare ta kamar ta ɗan dambe.

"Malam, mutane na neman abin sakawa a baki, kai kana leƙen ƙafar ƙuda," in ji Inna.

"Ai shi ma da ita yake zuwa neman nasa."

Ciwon suga ya daɗe da kama Inna. Ƙafafunta ya fara ci. Wata rana ta dawo daga kasuwa da takalmi ɗaya, ba ta san inda ɗayan ya zame ba, ta ce ita duk hanya ji take kamar a kan katifa take tafiya. Tun daga nan, kamar yadda aka ce musu a asibiti, kullum da safe Mai Tabarau yakan zauna a ƙasa ya duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu da gilashinsa, tana yi masa tsiya wai ya samu sabon ƙuda.

Hannu kuwa ba wanda ya kawo shi a rai. Da allura ta fara suɓuce mata, ido aka zarga, ya yi mata sabon tabarau. Da aka fara ganin ɗigo-ɗigon ja a kalmasar farin yadi, ta ce tsatsar keke ce. Wani lokaci tana cikin ɗinki sai ta yarfe hannu ta ce, "Kiyashin nan sun ishe ni." Mai Tabarau ya sayo hodar kashe kiyashi ya zagaye ƙafafun keken da ita, ya bi bango da gilashinsa yana neman raminsu. Bai samu ba. Ya ce kiyashin gidan nan masu wayo ne.

Autarsu ta dawo gida da tsohon ciki, don mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da ɗakinsa. Ta daɗe tana jiran cikin nan. A wajen awo an ce mata sugarta ta hau tare da cikin, aka rage mata abinci, aka kuma ja mata kunne: duk ranar da ta ji motsi ya ragu, kada ta jira kowa, ta taho.

Wata safiya ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Inna, tun jiya ban ji shi ba."

Mai Tabarau ya ajiye kofin shayinsa ya jawo takalmi, zai sauka ya tsayar da mota.

"Tsaya mana, Malam, kai da ba kai za ka haihu ba," in ji Inna. "Zo nan, Auta."

Ta goge tafinta a zani, ta ɗora, ta lumshe ido. Ba ta daɗe ba fuskarta ta saki.

"Ga shi nan. A hankali yake yi, kamar mai sosa ni da farce."

"Ni fa ban ji ba."

"Ke me kika sani, da cikin fari? Wuri ne ya yi masa kaɗan. Ubansa ma in ya samu kujera ai ba ya motsi sai an yi masa ham irin na mota."

Auta ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Mai Tabarau ya mayar da takalminsa inda yake, ya ɗauki shayinsa. Washegari aka sake, Inna ta sake jin sosawar nan a tafinta, har ta ce yau ya fi jiya kuzari. Sai da Auta ta wayi gari cikin ya yi mata nauyi irin na dutse sannan ta ce ita dai a kai ta.

A asibiti nas ta yi ta yawo da na'ura a kan cikin, daga dama zuwa hagu, daga sama zuwa ƙasa. Ta kira wata. Ita ma ta kira wani. Daga nan kowa ya riƙa magana ƙasa-ƙasa.

Namiji ne, ƙato, da gashinsa cike da kai. Aka binne shi. Direban ya zo ya zauna a matakala ya yi kukansa, ya yi kwanakin da aka ba shi, ya koma hanya.

Inna ta lulluɓe keken ɗinkinta da tsohon zanin gado. Hannuwanta kuma ta cusa su a ƙarƙashin mayafi, ko a cikin ɗaki haka take zama, kamar mai ɓoye abin sata. In ta dafa wa Auta abinci sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta tura da ƙafa. Nonon Auta ya kawo, ba mai sha, rigarta ta riƙa jiƙewa, ƙirjinta ya kumbura har zazzaɓi ya rufe ta. Inna tana jin nishinta ta bango. Ta san abin da ake yi, ta yi wa matan benen nan ba adadi, amma sai ta aiki Mai Tabarau ya kira maƙwabciya.

Auta ba ta ce uffan ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi. Sukan haɗu a hanyar banɗaki, wannan ta raɓe jikin bango, waccan ta wuce.

Ran nan Mai Tabarau ya shiga ya tarar tana ninke kaya a jaka.

"Ina zuwa, Auta?"

"Ɗakina, Baba. Ƙarshen mako."

"Ba kowa a can. Mijinki na hanya."

"Shirun can nawa ne ni kaɗai. Na nan ya yi mini yawa."

Ya tsaya yana kallon jakar. Ya san 'yarsa, ya kuma san matarsa, tulu ɗaya aka ɗebo su. In Auta ta sauka matakalar nan a haka, za ta riƙa zuwa gaisuwa, ta zauna a bakin kujera da mayafinta a kafaɗa, ta tashi kafin shayi ya huce, har ɗayarsu ta mutu.

Ranar haihuwar an nemi izininsu a ɗauki wani yanki na mabiyiya, wato naman nan da ke biyo jariri, a bincika, aka ce a dawo a ji. Auta ta ce ba inda za ta. Inna ko tambayarta ba a yi ba. Sai Mai Tabarau ya rufe shago ya tafi shi kaɗai.

Ɗakin binciken yana can bayan asibitin, an wuce wajen wanki, an gangara wata 'yar matakala. Wari yake yi mai shiga ido. Likitar wurin mace ce mai furfura jefi-jefi, ba ta duba marasa lafiya, naman da aka yanko daga jikinsu take dubawa. Ta ba shi kujera ta fara bayani, amma sai ta lura ba ita yake kallo ba. Madubin likita ne a kan teburinta, irin mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma, mai wurin sa ido biyu, da 'yar fitila a ƙasansa.

"Baba, kana jina kuwa?"

"Yi haƙuri, Likita. Sana'ata gilashi ce, amma ban taɓa ganin babban yayansu ba sai yau. A ciki kika gani?"

"A ciki."

"In ba laifi…"

Ta dube shi jim, sannan ta jawo masa kujerar kusa. Ta ɗauko wani siririn gilashi mai ɗan tabo ruwan hoda a tsakiya, kamar an ɗiga jan baki an goge. Ta ce naman ana daskarar da shi a cikin kaki, a yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, a rina shi, don in ba rini ba a ganin komai.

"Har da rini," in ji Mai Tabarau. "Da matata ta ji."

Ya cire tabaransa ya sa ido. Da farko hazo kawai. Ta murɗa wani abu, sai ga wata ƙasa ta buɗe a gabansa: tsibirai ruwan hoda, manya da ƙanana, birjik, kowanne da 'yan jajayen rijiyoyi a cikinsa, tsakaninsu kuma farin fili kamar kogin da ya janye. Ya manta inda yake. Ya ji kamar a ce masa ya sauka ya taka.

"Nan ya zauna?"

"Nan ya ci, nan ya sha iska. Waɗannan da kake gani rassa ne aka yanka a gicciye. Jinin uwa yana zagaya su ta waje, jinin ɗa yana cikin 'yan ramukan nan ja. Ba sa haɗuwa. Ta katanga suke miƙa wa juna."

"Kamar maƙwabta."

"Kamar maƙwabta. To a ƙarshen ciki katangar ya kamata ta zama siririya, ramukan su matso bakin-baki. Dubi na 'yarka. Rassan sun kumbura, ramukan suna can tsakiya, katangar ta yi kauri. Suga kan yi haka. Ga yaro ya yi girma yana neman da yawa, ga abin da ke ƙetarowa ya ragu."

Mai Tabarau ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, sai ya ba ta labarin hannun Inna, tun daga yadi har zuwa safiyar da ya mayar da takalminsa. Ya ce matarsa ba ta ƙarya, ko ta wasa. In ta ce ta ji, ta ji. Abin da ya kasa ganewa ke nan.

"Tana da suga?"

"Ta daɗe. Amma ƙafa ya kama."

"Tana cewa wani abu na bin hannunta? Ko tsira kamar allura?"

Hodar da ya zagaye keke da ita ce ta faɗo masa a rai, fara, har yanzu tana nan a ƙasan zanin gadon.

Likitar ta buɗe wani akwati mai layi-layi ta zaro gilashi biyu. Ta ce waɗannan na koyar da ɗalibai ne, ba na kowa nasa ba. Jijiya ce, ba ta jini ba, irin wadda ke kai saƙo daga fata zuwa kai. Ta sa na farko. Ya ga kamar an yanka damin tsintsiya ana kallonsa ta baki, 'yan zobba a cushe, ba masaka tsinke. Ta sa na biyu, na mai suga. Damin ne dai, amma an zare tsinkayen, saura ɗaya nan ɗaya can, kamar bakin tsoho. A gefe akwai wata 'yar jijiyar jini da ke ciyar da damin, bangonta ya yi kauri zobe a kan zobe, kamar wuyan rigar da aka yi ta yi wa kalmasa har kai ya daina shiga.

"Nan ma katanga," in ji shi.

"Nan ma. Kuma Baba, jijiyar da ke lalacewa ba shiru kawai take yi ba. Takan aika saƙon da ba wanda ya ba ta. Mutum ya ji kiyashi, ya ji tsira, ya ji motsi, alhali babu komai. Ji ne na gaske, abin ne babu. Ka kawo ta a duba hannun."

Ya mayar da tabaransa. Ya riƙe gefen teburin.

"Likita, tambaya ɗaya. Da mun zo a safiyar farko?"

Ta juya gilashin a hannunta.

"Ban sani ba. Mai yiwuwa an same shi da rai an ciro shi. Mai yiwuwa kuma tun kafin ta yi magana ya riga ya tafi. Abin da ke kan gilashin nan ya daɗe yana taruwa, amma bai rubuta mini ranar ba. In na ce maka ga yadda za a yi, na yi maka ƙarya."

A ƙasa ya koma gida, bai hau mota ba. Rana na tsaka. Ya wuce masu faci, ya wuce wani kanti da aka jera 'yan takalman jarirai a taga, ya tsallaka titi. Duk hanya yana gyara magana a bakinsa kamar yadda yake gyara firam ɗin tabarau: Likita ta ce ko kun zo ba abin da zai canja. Ya faɗa a hankali, ya faɗa da ƙarfi, har wata mai tallan lemo ta juyo. Kafin ya kai bene maganar ta zauna daram.

Ya tarar da Inna a kan tabarma kusa da keken da aka lulluɓe, hannuwa a cikin mayafi. Ya ɗaga murya ya kira Auta. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofarta, ba ta ƙaraso ba.

Ya ba su labarin tsibiran da katangar da ta yi kauri. Ya ce ya ga inda yaron ya zauna, wuri ne mai kyau, ruwan hoda. Sannan ya cire tabaransa ya kama gogewa da bakin riga.

"Kuma Likita ta ce ko da mun je tun…"

"Malam," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Kana goge tabarau."

"Ƙura ce."

"Ranar da ka yi mini ƙaryar a kanti ka sayo zoben aurena ma ƙura ce. Mayar da shi ka faɗi abin da ta ce."

Ya mayar. Ya dubi Auta, ya ga ita ma jira take.

"Ta ce ba ta sani ba. Wataƙila da an same shi. Wataƙila ya riga ya tafi."

A ƙasa wani yana buga ƙofar shagon, ya gaji ya tafi.

"To," in ji Inna. "To."

"Akwai saura." Ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi da safe in zai duba ƙafa. "Kiyashin nan, Innar yara. Babu su. Ban samu raminsu ba don babu ramin. A cikin hannunki suke. Abin da ya ci ƙafar ne ya hau, kuma wai kafin jijiya ta mutu sai ta yi ta kawo saƙon ƙarya. Na gani da idona, duk ta zube kamar tsohuwar tsintsiya. Kin ji motsi. Ba ki yi ƙarya ba. Hannun ne ya yi miki."

Inna ta zaro hannuwan a hankali ta ɗora a cinya, tana kallonsu kamar wasu baƙi da suka kwana a gidanta ba ta sani ba.

"Tun yaushe?" Muryar Auta ce, daga bakin ƙofa.

"Na ɗauka kiyashi ne," in ji Inna. "Wallahi, Auta, na ɗauka kiyashi ne. Da na ɗora a cikinki kuma na ɗauka shi ne."

Auta ta tako. Ta zauna a tabarmar da ƙyar, don jikinta bai gama warwarewa ba. Ta kama hannun dama. Inna ta ja, Auta ta riƙe.

"Baba, ba ni gilashinka."

Ya laluba aljihu ya miƙa mata. Ta juya tafin sama ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kan manunin duk hujin allura ne, baƙi-baƙi, wasu sun warke wasu ba su warke ba. A gefen babban yatsa akwai ƙunar tukunya, sabuwa, ta yi ruwa.

"Wannan fa?"

Inna ta leƙa. "Ban san da ita ba."

"Wajen dafa mini abinci ne."

Auta ta ajiye gilashin. Ta ɗaga gefen rigarta, ta ɗauki hannun ta ɗora a kan cikinta da ya saki, ta danne shi da nata biyun. Inna ta kawar da kai.

"Sake ni, 'yar nan."

"Me kike ji?"

"Auta, don Allah."

"Inna, me kike ji?"

Inna ta lumshe ido, don hannunta bai san wata hanyar ba. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabaran da Malam ya yi mata.

"Yana motsi," ta ce. "A hankali. Kamar mai sosa ni da farce."

Mai Tabarau ya buɗe baki zai sake bayanin jijiya, sai ya rufe.

Auta ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa kafaɗar uwarta.

"Bar shi a nan tukuna," ta ce. "Ke kaɗai kika rage kina jin sa."

Mai Tabarau ya tashi ya ɗauko man ƙuna a kan taga, ya tsaya da shi a hannu yana jira a saki hannun. Da ya ga abin ba yanzu ba ne, sai ya ajiye a gefen tabarmar, ya ɗauki tsintsiya ya ɗaga zanin gadon da ke kan keken, ya fara share hodar.